Dan Allah ku ba ni sunan fina-finan ƙananan kamfanoni masu kyau, na tsoro ko na rayuwa

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema wajen masu kallo da gaske. Ni dai na gaji da manyan fina-finan nan na Amurka, ka ƙona data ka sauke fim ka zauna awa biyu da rabi ana rushe benaye ana kifar da motoci, ana gamawa ka tashi ko sunan jarumin ba ka riƙe ba. Shekaranjiya na je wajen mai tura mana fim a bakin layi na ce ya ba ni na tsoro mai kyau, ya cika min memori da guda shida, wallahi duk tafiyarsu ɗaya, iyali sun tare a tsohon gida, ƙofa ta rufe kanta, a yi tsit a yi tsit sai a buga ƙara ka zabura. Wannan ai firgita ce kawai, ko ƙanina ya laɓe bayan ƙyaure ya daka min tsawa zan zabura.

Abin da ya jawo maganar shi ne Talk to Me da na kalla kwanaki. Wasu tagwaye ne 'yan Ostireliya suka yi shi, Danny da Michael Philippou, da can bidiyo suke sakawa a YouTube. Dala miliyan 4 da rabi aka kashe masa ya kawo sama da miliyan 90. Labarin wasu samari da 'yan mata ne da suka samu wani busasshen hannu, a ɗaure mutum a kujera a kunna kyandir ya kama hannun ya ba matacce izinin shiga jikinsa, sauran suna dariya suna ɗauka a waya, sharaɗin kawai kar a wuce sakan 90. Yarinyar da ke jan fim ɗin mahaifiyarta ta rasu, to ranar da ta ji kamar muryar uwarta ce ke magana ta bakin ƙanin ƙawarta sai ta kasa cewa a tsaya, lokaci ya wuce. Nan ne ya kama ni, don na san in ni ne ma da wuya in ce a kashe kyandir ɗin. Kwana uku ina tuna shi.

To irin wannan nake nema, na shekarun nan, wanda ba kuɗi ne ya yi shi ba labari ne. Na tsoro, ko mai sarƙaƙiya da zai hana ka tashi shan ruwa, ko na rayuwa kawai mai taɓa zuciya. Kowace ƙasa ce ba damuwa ina iya bin sabtaitil. Kuma dan Allah duk wanda zai faɗa ya gaya min ko ana iya kallo da iyali, don shi Talk to Me ɗin ban ba kowa shawarar ya kunna a falo ba, akwai ashar da wani sin na ƙazanta da jini sosai.

Malam Na Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Ɗan Kurna. Kar ka je ko'ina, fara da His House. Na 2020 ne, a Netflix ya fito, awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci, kuma shi ne fim ɗin farko na daraktan, Remi Weekes, har ya ci masa kyautar fina-finan Ingila ta BAFTA ta sabon shiga.

Miji da mata ne, Bol da Rial, sun gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu sun tsallaka teku a kwale-kwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya. Ingila ta ba su mafaka ta wucin gadi, aka kai su wani ruɓaɓɓen gida a wata unguwar talakawa aka gindaya musu sharaɗi: ba aiki, ba tashi daga gidan nan, kuma duk sati sai sun kai kansu an gan su. Ka ga wayon labarin ke nan. Duk fim ɗin gidan fatalwa da ka lissafa a sama tambayar da mutum ke yi ita ce to ku tashi mana, wa ya ɗaure ku? Su waɗannan an ɗaure su ɗin, in suka bar gidan jirgi za a sa su a mayar da su inda suka gudo. Sai ga motsi a cikin bango da dare, Bol ya ɗau guduma yana fasa bangon yana neman abin, shi kuma jami'in da ke kula da su in ya zo ya ga ramuka ai cewa zai yi ba su san darajar abin da aka ba su ba.

Ita Rial ba ta wani ruɗe ba, ta san ko mene ne. Ta ba mijin labarin da ake bayarwa a garinsu na wani mutum da ya ƙwallafa rai sai ya mallaki gida har ya shiga ɗaukar kayan mutane, ya je ya taɓa na wani maye da ƙabilarsu ta Dinka ke kira apeth, da ya gina gidan sai mayen ya tare tare da shi. Ma'ana akwai bashi a kansu su ma, kuma mai bashin ya biyo su har Turai. Ba zan faɗi bashin ba don in na faɗa na kashe maka fim ɗin.

Amma wallahi wajen da ya fi tsaya min a rai babu fatalwa a ciki. Rial ta fita neman asibiti ta ɓata a lungunan unguwar, ta hango wasu samari baƙaƙen fata ta ji sanyi a ranta ta nufe su, su kuma haihuwar can ne, suka hau kwaikwayon maganarta suna ce mata ta koma Afirka. Da wajen cin abinci, ta shimfiɗa a ƙasa za su ci da hannu shi kuma ya kawo cokali mai yatsu wai dole su saba. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a garin da ba nasa ba zai gane wannan faɗan. Wunmi Mosaku da Sope Dirisu ne suka fito, dukkansu asalinsu 'yan Najeriya ne.

Batun iyali: kai da madam ba matsala, yara dai a'a, akwai gawarwaki da fuskoki masu firgitarwa.

In Dirisu ya burge ka ka nemi My Father's Shadow na 2025, shi ba na tsoro ba ne, uba ne ya ɗauki 'ya'yansa maza biyu zuwa Legas neman albashinsa da aka riƙe, a daidai lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Maman Hanan:

Sannunku. Ni ba na kallon na tsoro gaskiya, in na kalla sai in kwana da fitila, amma tunda ka ce har na rayuwa bari in kawo nawa guda biyu.

Na farko Goodbye Julia, fim ɗin Sudan na 2023. Ƙanena in ka kalli wannan ba ka ji komai ba to ka dawo ka gaya min. A Khartum ne a 2005, kwanakin da jagoran 'yan kudu John Garang ya mutu a hatsarin jirgi gari ya rikice tsakanin 'yan arewa da 'yan kudu. Wata mata Mona, 'yar arewa mai rufin asiri, da mawaƙiya ce mijinta ya hana ta, tana tuƙi ta buge wani yaro ɗan kudu, tsoro ya kama ta ta gudu, uban yaron ya biyo ta a babur, ta kira mijinta tana kuka wai wani ɗan kudu na bin ta amma ba ta faɗa masa dalili ba, mutumin na isowa ƙofar gida mijin ya harbe shi. Shi ke nan aka rufe maganar. Ita kuma abin ya hana ta sukuni sai da ta nemo matar mamacin, Julia, wadda ke ta yawon neman mijinta ba ta san ya mutu ba, ta ɗauke ta aiki a gidanta ta sa yaron a makaranta, ba tare da ta gaya mata komai ba.

To zaman nan nasu shi ne fim ɗin. Suna shaƙuwa kamar ya da ƙanwa kai kuma mai kallo cikinka na ƙullewa don ka san abin da ke binne. Ni abin da ya sa na ajiye wayar na yi shiru shi ne yadda aka ware wa Julia da ɗanta kofi da kwanonsu daban a gidan, kuma Mona ba ta ɗauki hakan komai ba, a ganinta ma alheri take yi. Na tuna gidaje nawa na shiga a nan garin na ga kofin 'yar aiki a rataye can gefe. Ba sai an je Sudan ba.

Daraktan Mohamed Kordofani injiniyan jiragen sama ne kafin ya koma fim. Shi ne fim ɗin Sudan na farko da aka zaɓa a Cannes, kuma abin tausayi an nuna shi a watan Mayun 2023, wata guda bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu. Titunan da za ka gani ana saye da sayarwa a fim ɗin lokacin da duniya ta gan su mutanensu na gudun hijira. Wannan kam da Hajiya ma za ka iya kallo.

Na biyu namu ne na gida kuma haushi nake ji yadda mutanenmu da yawa ba su san shi ba, The Milkmaid na 2020. Yawancinsa da Hausa ne, a Taraba aka ɗauka, ga tsaunuka ga shanu ga kore shar, kyamarar kamar ba a ƙasar nan ba. Wata Bafulatana mai tallan nono, Aisha, ke neman 'yar'uwarta Zainab bayan 'yan ta'adda sun afka wa ƙauyensu ana tsaka da biki. Maryam Booth ce Zainab, kuma duk wanda ya saba ganinta a fina-finan soyayya zai sha mamaki, har kyautar fina-finan Afirka ta AMAA ta ci da shi, fim ɗin ma ya ci gwarzon shekara kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Daraktan Desmond Ovbiagele ya ce hoton matan nan biyu masu ƙwaryar nono da ke bayan naira goma ne ya sa shi tunanin labarin, wato in rikicin nan ya rutsa da su ya rayuwarsu za ta koma. Tun daga ranar in na riƙe naira goma sai na juya bayanta. Hukumar tace fina-finai ta sa an yanke wajen minti 24 kafin ta bari a nuna shi a gida. Yana da nauyi, in a gidanku akwai wanda abin ya taɓa shafa kai tsaye ka tambaye shi tukun kafin ka kunna.

Sarkin Kallo 044:

Anti Maman Hanan Allah ya saka, amma bawan Allah nan fa tsoro ya fara tambaya ku kuma kun kai shi gidan kuka. Malam ni ban ƙi His House ba yana da kyau, sai dai ni bai hana ni barci ba, tausayi ya fi yawa a ciki.

Ɗan Kurna in tsoro kake so na gaske ka bar Turawa ka koma Indonesiya. Dalili kuwa su Musulmi ne, abin da suke tsoro shi muke tsoro. Fatalwar Bature a coci da fada riƙe da kuros ba ta taɓa ni, amma ka ga an yi wa mutum wanka an sa shi a likkafani an kai shi an jera itace an zuba ƙasa, wannan kai ma ka san hanyarka ce. Nemi Siksa Kubur na Joko Anwar, ma'anar sunan azabar kabari, ya fito da ƙaramar sallar 2024 kuma wajen mutum miliyan 4 suka shiga sinima kallonsa a can. Wata yarinya Sita iyayenta suka mutu a harin ƙunar baƙin wake a gabanta, wanda ya tayar da bam ɗin kuma tsoron azabar kabari ne ya kai shi, sai ta taso da gaba da addini, ta ci alwashin sai ta nemo mutumin da ya fi kowa zunubi in ya mutu ta shiga kabarin tare da gawarsa da kyamara ta nuna wa duniya ba abin da ke faruwa. Ɗan'uwanta kuma sana'arsa wankan gawa. Ta shiga ɗin. Ina kwance ni kaɗai da iyafis a kunne an ɗauke wuta, da na ji an yi tambayar man rabbuka cikin duhun nan wallahi cire iyafis ɗin na yi na tashi na ɗauro alwala.

Gargaɗi biyu: akwai jini, akwai wani sin na injin wanki da ba kowa zai iya kallo ba, sannan fim ne, darakta ya sa tunaninsa a ciki, kar wani ya ɗauki aƙida daga nan, wannan wajen malamai ake zuwa.

Na biyu tunda mu mutanen Indiya ne tun na kaset, Tumbbad. Ya ɗan kwana biyu, 2018 ne, amma an sake sa shi a sinima a 2024 ya fi kawo kuɗi a karo na biyu. Babu rawar fulawa a ciki. Wani ƙauye ne da ruwan sama ba ya ɗaukewa, da wata tsohuwa da aka ɗaure da sarƙa a ɗaki ana ba ta abinci tana barci, da wani abu a ƙarƙashin ƙasa mai zinare a ƙugunsa wanda yunwa ba ta barinsa, sai a jefa masa 'yar tsanar fulawa yana ci ana wawurar zinaren. Mutumin ya koya wa ɗansa sana'ar, ɗan kuma ya fi uban haɗama. Damina huɗu suka yi suna ɗauka don ruwan gaske suke so. Akwai wajen da bai dace da yara ba, ka kalla kai kaɗai tukun.

Ba'agadeshe:

Salamu alaikum 'yan uwa, gaisuwa daga Nijar. Ni ɗaya zan ƙara, Io Capitano na 2023, na wani darakta ɗan Italiya Matteo Garrone. Ba a sa shi layin fim ɗin tsoro ba amma ni a wurina ya fi duk wanda kuka lissafa, don abin da ke ciki ta ƙofar gidanmu yake wucewa.

Yara biyu ne 'yan Dakar, Seydou da Moussa, shekara 16, suka tara kuɗi a ɓoye suka kamo hanyar Turai ba da sanin iyaye ba, ta Mali zuwa Agadez zuwa Libiya. Duk wanda ya zauna garinmu Agadez ya san motocin nan na Hilux da ke tashi su nufi Dirkou, mutane a jere a baya ƙafafu a waje kowa ya rungume sanda a tsakanin cinyoyinsa don kar ya faɗo, fuska a naɗe, galan ɗin ruwa an ɗinke shi da buhu. Fim ɗin ya kawo sandunan nan daidai. Akwai wajen da mutum ya faɗo mota na gudu, ana ihu ana dukan mota direba ko waiwaye. Na sha jin wannan daga bakin waɗanda suka dawo tun kafin a yi fim. Sai gidan da ake tsare su a Libiya a ce kowa ya ba da lambar gida a kira a turo kuɗi ko a azabtar da shi. Ƙarshe aka damƙa wa yaron da ko iyo bai iya ba tuƙin jirgin ruwa cike da mutane har da mai ciki.

Inda nake da magana, saharar da aka nuna ta Maroko ce ba tamu ba, ɗan gari zai gane, kuma an wuce Agadez da sauri kamar tasha ce kawai ta masu cutar baƙi, alhali gari ne mai tarihi da mutane ke rayuwarsu, kuma dokar 2015 da ta hana jigilar ta jefa direbobi da yawa bin ɓarauniyar hanya mai nisa da rijiyoyi kafin a soke ta a Nuwamban 2023, wannan duk babu shi a ciki. Duk da haka a kalla, musamman a nuna wa samari masu cewa ko ta halin ƙaƙa sai sun haura. Yaron Seydou Sarr bai taɓa fim ba kafin nan kuma ya ci kyautar sabon jarumi a bikin fina-finai na Venice.

In kana son jin Hausar Damagaram tsantsa kuma ka nemi Zinder na Aicha Macky, 2021, shi ba wasa ba ne rayuwar gaske ce ta matasan unguwar Kara-Kara.

Ɗan Kurna:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta su duka a takarda na manna a jikin firij.

Malam Na Tudun Wada daren jiya muka kalli His House ni da mai ɗakina bayan yara sun yi barci, a waya muka jingina ta da filo. Sarkin Kallo ka yi haƙuri amma ni ya tsorata ni, wajen da Bol ke jawo wayar wuta daga cikin bango tana ta fitowa tana ta fitowa har ta koma igiya jiƙe da ciyawar teku, sai da na ji tafin hannuna ya yi gumi. Amma da aka zo wajen motar bas ɗin nan, inda aka nuna ainihin abin da ya faru ranar da suka gudu, sai ita ta ce in tsayar. Muka tsayar. Ta ce min kai da kai ne a wurin, ana harbi ta baya mota ta cika an ce sai mai yaro, me za ka yi? Na buɗe baki in ce ba zan yi abin da ya yi ba sai na kasa ƙarasawa. Mun fi minti goma a haka kafin muka ci gaba, kuma yau da asuba da na fito masallaci maganar ce dai a raina.

Anti Maman Hanan, Goodbye Julia ne na gaba, ran Lahadi in sha Allah zan kai wa Hajiyarmu mu kalla tare, ita ba ta karanta sabtaitil amma ta yi shekaru a Saudiyya tana jin Larabci, sauran ni zan riƙa fassara mata. The Milkmaid ne dai na tambayi masu turi uku a unguwarmu duk ba su da shi, ɗaya ma cewa ya yi bai taɓa jin sunan ba. Dan Allah wanda ya san inda ake samunsa ta hanyar da kuɗin zai isa ga masu fim ɗin ya taimaka ya faɗa min, ko na biya ne zan biya.